Yadda Ake Zaɓar Matatar Ruwa Ga Kifin Zinare Da Kuma Kula Da Ita

Wanda duk ya ɗan daɗe yana kiwon kifin zinare a tankin gilashi ya san irin wannan safiyar. Jiya ka kwanta ka bar kifaye suna ta wasansu, yau ka tashi ka tarar ɗaya ya lafe a ƙasa ya maƙale fikafikansa a jiki, ɗayan kuma ya ɗago baki sama yana ta haɗiyar iska. Ka leƙa ruwan, garau yake kamar idon zakara. Sai ka rasa ta inda matsalar ta ɓullo. Ruwa dai ba ya tsami banza, kuma dafin da ya fi kashe kifin zinare ba shi da launi, ido ba ya kama shi. Shi ya sa nake son mai karatu ya riƙe abu ɗaya tun daga nan: matatar ruwa gida ce ta wasu halittu masu rai, ƙwayoyin bakteriya da ke cinye wannan dafin. Injin da sosonta duk hidimar waɗannan ƙwayoyin suke yi. Idan ka fahimci haka, zaɓen matata da kula da ita za su zo maka da sauƙi.

Mataki na farko: san kifin da kake kiwo

Kifin zinare, wanda masana ke kira Carassius auratus, an fara kiwonsa ne a ƙasar Sin fiye da shekara 1,000 da suka wuce, daga wani kifin daji na ruwan sanyi da ake kira kaf. Ba shi da tumbi irin na sauran dabbobi, abinci daga baki sai hanji, don haka kullum cikin ci yake, kullum cikin kashi. Ga shi da tono: yini yake yi yana ɗaukar tsakuwa a baki yana tofarwa, yana tayar da duk wani datti da ya kwanta. Kuma yana girma fiye da yadda mutane ke zato. Mai doguwar siffa da wutsiya ɗaya kan kai santimita 30, masu dunƙulallen jiki irin su oranda, ryukin da ranchu kan kai santimita 15 zuwa 20. Idan ya samu kulawa yana yin shekara 10 zuwa 15, wani ma ya haura 20.

Dafin nan da ido ba ya kamawa shi ne amoniya. Mafi yawan amoniyar da kifi ke fitarwa ta kunnuwansa take fita, wato inda yake numfashi, sauran kuma daga kashi da ragowar abinci da ke ruɓewa. Amoniya tana ƙona waɗannan kunnuwan da fatar kifin, kuma dafinta yana ƙaruwa idan ruwa ya yi ɗumi ko pH ya hau, wato ma'aunin da ke sauka idan ruwa ya yi tsami, ya hau idan tsamin ya ragu. Rukunin bakteriya na farko, irin su Nitrosomonas, suna mayar da amoniya naitirait. Shi ma naitirait dafi ne: yana shiga jinin kifi ya hana shi ɗaukar iskar oksijin, har jinin ya koma ruwan ƙasa, kifin ya riƙa shaƙewa alhali ruwan cike yake da iska. Rukuni na biyu, musamman Nitrospira, su ke mayar da naitirait naitiret, wanda illarsa kaɗan ce sai idan ya taru da yawa. Shi kuma naitiret canjin ruwa ne ke rage shi, ko tsirrai masu rai su ɗan sha wani kaso.

Waɗannan ƙwayoyin ba yawo suke yi a cikin ruwa ba. Mannewa suke yi a jikin abu, soso ne, tsakuwa ce, bangon tiyo ne, inda ruwa mai iska ke wucewa ba tsayawa.

Mataki na biyu: auna tankin kafin ka sayi komai

Babu matatar da za ta ceci kifin zinare a cikin ƙaramar kwalba. Abin da masu kiwo suka fi bi shi ne lita 75 zuwa 110 ga kifi na farko mai dunƙulallen jiki, sannan ƙarin kamar lita 40 ga kowane kifi da ka ƙara. Masu wutsiya ɗaya kuwa sun fi dacewa da babban tanki ƙwarai ko tafkin ado. Tanki mai faɗi ya fi dogo mai tsayi, domin ta saman ruwa iska ke shiga.

Idan ba ka san yawan litar tankinka ba, auna tsawo, faɗi da zurfin ruwa da santimita, ka ninka su, ka raba da 1,000. Tanki mai tsawon 100, faɗin 40, zurfin ruwa 40 zai ba ka lita 160.

Daga nan sai lissafin ƙarfin matata. A jikin kwalin kowace matata mai inji ana rubuta litar da take juyawa a awa ɗaya. Ga kifin zinare ana son ta juya ruwan tankin gaba ɗaya sau 5 zuwa 10 a awa. Tankin lita 160 ke nan yana buƙatar lita 800 zuwa 1,600 a awa. Amma a kula, adadin da ke jikin kwali yawanci an auna shi ne babu soso a ciki, babu datti, babu doguwar tiyo. Da ka cika ta da kaya ƙarfin zai ragu sosai. Haka nan idan an rubuta cewa matata ta isa tankin lita 150, da ƙananan kifaye marasa yawan kashi aka yi lissafin. Ni shawarata kullum ita ce a ɗauki wadda aka yi wa tanki ninki biyu na naka.

Mataki na uku: zaɓi irin matatar

Matatar soso ita ce mafi sauƙi. Dunƙulen soso ne da ake ajiyewa a cikin tanki, a haɗa shi da injin iska ta siririyar tiyo. Kumfar iska na tashi, tana janyo ruwa ta cikin soson. Ba ta da abin lalacewa, ba ta tsotse wutsiyar kifi, tana ba ruwa iska, kuma bakteriya na son ta. Rauninta shi ne ba ta kwashe manyan kashin kifin zinare da kyau, sai ka riƙa bi da tiyo.

Akwai mai ratayewa a bayan tanki, wadda ke zuƙo ruwa sama ta zubo shi kamar ƙaramin kwararo. Buɗe ta da wanke ta ba wuya. Matsalarta ita ce da yawa suna zuwa da 'yar jakar tacewa wadda kamfani ke cewa a jefar duk wata a sa sabuwa. Duk ranar da ka jefar da ita, ka jefar da bakteriyarka ke nan. Idan irin wannan ka saya, yanko soso daidai ramin ka cusa, ka daina dogara da jakar.

Akwai wadda ake nutsarwa gaba ɗaya cikin ruwa a manna ta a bangon gilashi. Wurin sosonta ƙarami ne, tana saurin toshewa, kuma tana cin fili. Ta isa mataimakiya, ba ta isa uwar gida ba a babban tanki.

Sai kanista, wato tulun da ake ajiyewa a ƙarƙashin tanki, tiyo ɗaya na kai masa ruwa, ɗaya na dawo da shi. Shi ya fi kowa ɗaukar kayan tacewa, kuma ga tankin da ya kai lita 150 zuwa sama shi na fi so. Sai dai da yake a rufe yake, mutum kan manta da shi wata da watanni, datti ya yi ta ruɓewa a ciki yana ƙara naitiret. Kuma idan aka ɗauke wuta, shi ne ya fi saurin ƙarewar iska.

Ita kuwa faranti mai ramuka da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin tsakuwa, a bar ta kawai. Kifin zinare zai tone tsakuwar, kashi kuma ya taru a ƙarƙashi inda hannu ba ya kaiwa.

Tsarin da na ga ya fi zama lafiya shi ne matata biyu: kanista ko mai ratayewa, a haɗa da matatar soso a ɗaya kusurwar. Idan ɗaya ta tsaya, ɗayar na riƙe da tankin. Idan ka wanke wannan a wannan makon, waccan sai mako mai zuwa. Kuma ranar da kifi ya yi rashin lafiya ka buƙaci ware shi, sai ka ɗauki soson nan da bakteriyarsa ka sa a ƙaramin tankin jinya.

Wani abu da ake yawan mantawa: masu dunƙulallen jiki da doguwar wutsiya ba gwanayen iyo ba ne, masu ƙwalaƙwalan idanu kuma ba sa gani sosai. Ruwa mai ƙarfi yana wahalar da su. Idan ka ga kifi yana ta fama, ruwa na tura shi gefe, ko kullum yana ɓuya a lungu ɗaya, to a karya ƙarfin ruwan. Sa bututu mai jerin ramuka a bakin fitar ruwa, ko ka juya bakin ya fuskanci gilashi. Bakin zuƙar ruwa kuma a sa masa hular soso, don kada ya kama fiffike.

Mataki na huɗu: jera kayan ciki

Bi hanyar da ruwa ke bi. Abin da ruwa zai fara tararwa shi ne soso mai manyan ramuka, ya tare manyan datti. Bayansa soso mai ƙananan ramuka ko audugar tacewa, su kama ƙurar da ta rage. Daga ƙarshe sai gidan bakteriya, wato zobban tangaran ko duwatsu masu huhhuji, domin ruwan da zai isa gare su ya zama ya riga ya tsarkaka, kada ramukansu su toshe. Kada ka danna kaya har ruwa ya kasa wucewa.

Gawayin tacewa ba dole ba ne. Yana cire wari da launin rawaya, amma cikin 'yan makonni yake cika ya daina aiki. Babban amfaninsa shi ne kwashe ragowar magani bayan an gama yi wa kifi jinya. Saboda wannan dalilin ne ma dole a cire shi kafin a zuba magani, in ba haka ba shi zai shanye maganin. Ramin da zai zauna, gara ka ƙara soso.

Injin iska kuma a ɗora shi sama da ruwan tanki, ko a sa wa tiyonsa bawul mai hanya ɗaya. Idan wuta ta ɗauke, ruwa kan biyo tiyo baya ya shiga injin ya malale a ƙasa. Kowace waya da ta fito daga tanki a bar ta ta yi lanƙwasa ƙasa kafin ta hau soket, don ɗigon ruwa ya sauka a ƙasa maimakon ya gangara cikin wuta.

Mataki na biyar: raya matatar kafin kifi ya shiga

A nan ne mafi yawan mutane ke asarar kifayensu na farko. Sabuwar matata fanko ce, babu ƙwaya ko ɗaya a cikinta da za ta ci amoniya. Raya ta kan ɗauki mako 4 zuwa 8, kuma babu dabarar da ta fi haƙuri.

Cika tanki, ka zuba maganin kashe kulorin. Ruwan famfo na ɗauke da kulorin, wani wurin kuma kuloramin, dukansu suna kashe bakteriya. Kulorin kan tashi idan ruwa ya kwana a buɗe, kuloramin kuwa ba ya tashi haka, sai da magani. Kunna matata, ka bar ta dare da rana. Sai ka ba ƙwayoyin abinci: amoniya zalla marar sabulu ko turare, har ma'auni ya nuna kamar miligiram 2 a lita. Idan ba ka samu ba, ɗan barbaɗa abincin kifi kullum ya ruɓe a ciki, duk da cewa wannan hanyar ta fi wuyar aunawa.

Kana buƙatar kayan gwajin ruwa na amoniya, naitirait, naitiret da pH. Masu ɗigo a 'yar kwalba sun fi na takarda gaskiya. Riƙa gwadawa duk bayan kwana biyu ko uku, kana rubutawa. Da farko amoniya za ta tsaya cak kamar ba abin da ke faruwa. Bayan mako ɗaya ko biyu za ta fara sauka, naitirait ya hau. Wannan zangon na naitirait shi ya fi tsawo, shi ne kuma ke karya wa mutane gwiwa. Ci gaba da ƙara amoniya kaɗan kaɗan don kada rukunin farko su rasa abinci. Ranar da ka zuba miligiram 2 a lita, bayan awa 24 ka gwada ka ga amoniya sifili, naitirait sifili, naitiret kuma ya bayyana, matatarka ta rayu. Canja ruwa mai yawa don rage naitiret, sannan ka sa kifi, ɗaya ko biyu a lokaci guda, da tazarar mako biyu kafin ƙari.

Idan kana da tsohon tanki mai lafiya, ɗauko guntun sosonsa a jiƙe ka sa a sabuwar matata. Yana rage jiran sosai.

Wanda kuma ya riga ya sa kifi kafin ya ji wannan bayani, kada hankalinsa ya tashi. Ya rage ciyarwa, ya riƙa gwaji kullum, duk lokacin da amoniya ko naitirait ya kai miligiram 0.5 a lita ya canja rabin ruwa. Aiki ne na makonni, amma kifin na tsira.

Mataki na shida: wanki

Na taɓa ɗaukar soson tankin da ya shekara lafiya lau, na kai shi bakin famfo na wanke shi tas har ya koma fari kamar sabo, zobban tangaran ma na goge su. Kwana uku bayan haka ruwa ya yi fari kamar an ɗiga madara, babbar oranda ta ta fito da jajayen jijiyoyi a wutsiya, ta daina cin abinci. Gwaji ya nuna amoniya. Sai da na yi mako biyu ina canjin ruwa kullum kafin ta farfaɗo, kuma har yau ina jin zafin abin, domin da hannuna na jawo mata.

Ga yadda ya kamata a yi. Ranar canjin ruwa, zuƙo ruwan tanki a bokiti mai tsabta wanda sabulu bai taɓa shiga ba. Kashe matata ka zare wayarta. Ciro soso, ka tsoma shi cikin ruwan bokitin, ka matse ka saki, sau huɗu ko biyar. Za ka ga ruwan ya koma baƙi ƙirin da laka, da wari irin na jiƙaƙƙiyar ƙasa. Wannan warin lafiya ne. Idan ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, ruwa ya daina ratsa wani sashe, alama ce cewa ka jinkirta wankin da yawa. Soson zai fito har yanzu da launin ƙasa da ɗan yauƙi, haka ake so, mayar da shi. Zobban tangaran kuwa girgiza su kawai za ka yi a cikin ruwan, ba a goge su. Kada ka bari su bushe yayin da kake aiki.

Hular soso ta bakin zuƙa da soson farko duk mako suke son matsa. Matatar soso da mai ratayewa, mako ɗaya zuwa biyu. Kanista kamar wata ɗaya zuwa ɗaya da rabi, gwargwadon yawan kifi. Alamar da ta fi kalanda ita ce ƙarfin ruwan da ke fitowa: da ka ga ya ragu, lokaci ya yi. Audugar tacewa ita kaɗai ake jefarwa idan ta dagargaje. Soso na yin shekaru. Idan ya fara marmashewa, raba shi biyu, canja rabi yanzu, rabi bayan wata ɗaya.

Duk wata ko biyu ka buɗe kan injin ka ciro farfela mai maganaɗisu da ke tura ruwa. Yauƙi da zaren tsirrai na naɗe ta, su rage mata gudu ko su sa ta ƙara. Goge ta da ramin da take zama da ƙaramin burushi, a hankali, domin sandar tsakiyarta a wasu injinan tangaran ce, tana karyewa. Tiyo ma a zura musu dogon burushi. Robar da ke rufe bakin kanista a duba ta kafin a mayar, nan ne yoyo ke farawa.

Ruwa kuma a canja kashi 30 zuwa 50 cikin 100 duk mako, ana zuƙe kashin da ke cikin tsakuwa. Sabon ruwan ya kasance an kashe masa kulorin, zafinsa kuma kusa da na tankin. Burin shi ne amoniya sifili, naitirait sifili, naitiret ƙasa da miligiram 40 a lita, in ya yiwu ƙasa da 20. Canjin ruwa yana da wani amfani da ba a cika faɗa ba. Aikin bakteriya yana cinye sinadarin kabonet da ke riƙe pH a wuri ɗaya. A tankin da aka daɗe ana cike gurbin ruwan da ya ƙafe kawai ba a canjawa, wannan sinadarin kan ƙare, pH ya faɗi, kuma idan ya kusanci 6 ƙwayoyin kan ja baya da aiki. Kifin zinare ya fi jin daɗi tsakanin 7 da 8. Irin wannan tsohon tankin ba a gyara shi da babban canji lokaci ɗaya, sai a riƙa canja kaɗan kaɗan kullum har ya daidaita.

Idan wuta ta ɗauke ko injin ya tsaya

Ba a kashe matata da dare don ƙararta ko don tattalin wuta. Ƙwayoyin nan iska suke shaƙa daga ruwan da ke wucewa. Idan wuta ta ɗauke na awa ɗaya ko biyu, babu damuwa. Idan abin ya ja, buɗe kanista, ka ciro soso da zobba ka sa su cikin tankin kansa ko a faffaɗan kwano da ruwan tanki ya ɗan rufe su. Injin iska mai batir abu ne da ya kamata kowane mai kifin zinare ya ajiye. Haɗa shi da matatar soso, ka samu iska da tacewa lokaci guda. Dakatar da ciyarwa, kifi mai lafiya yana kwana biyu ko uku ba ci ba abin da zai same shi. A lokacin zafi abin ya fi gaggawa, domin ruwa mai digiri 20 na riƙe oksijin kusan miligiram 9 a lita, mai digiri 30 kuwa kusan 7.5 ne, ga shi kifin ya fi buƙatar iska a cikin ɗumi.

Idan wuta ta dawo bayan dogon lokaci kuma kanista a rufe ya kwana, kada ka bari ya tura ruwan cikinsa cikin tanki. Zare wayarsa tun wutar ba ta dawo ba, zubar da ruwan da ya kwanta a ciki, ɗauraye kayan da ruwan tanki, sannan ka kunna. Mako ɗaya bayan nan ka riƙa gwada amoniya da naitirait kowace safiya, ka ciyar da rabin abin da ka saba har sai duka biyun sun tsaya a sifili.